RABIN MAGANIN CIWON SUGA YANA MADAFA

(Jawabin da Kwamitin Kula da Lafiya ya gabatar a wajen taron ƙungiya na shekara-shekara)





A bana kwamitinmu ya nemi a ba shi wannan ɗan lokaci ne domin ya yi magana a kan tukunya. Mun san wasu za su ce me ya haɗa ƙungiyar ci gaban gari, wadda aka sani da gyaran rijiyar burtsatse da rufin azuzuwa, da zancen tuwo da miya? Amsar tana cikin takardun neman taimako da ke zuwa wa kwamitin nan. Duk wanda ya zauna ya karanta su zai ga yadda suna ɗaya yake ta maimaita kansa: wannan ciwon suga ya taɓa masa ido, wancan gyambo ya ƙi warkewa har likita na zancen yanke ƙafa, wata kuma ƙoda ce ta gaza. Mukan tara abin da ya sawwaƙa mu aika, amma sau da yawa gudummawar kan isa ne bayan aski ya zo gaban goshi. Mu kanmu 'yan kwamitin, babu wanda ba shi da mai wannan lalura a gidansa, wasunmu ma su ne masu ita. Don haka abin da za mu faɗa, mun koye shi ne a bakin likitoci da kuma gaban murhunmu.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manyan mutane miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon a faɗin duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankinmu na Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da shi ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, nau'i na biyu ne ke damunsu, wato wanda ya fi kama manya, kuma a kansa ne yawancin maganarmu za ta tsaya.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin jiki, domin wanda bai fahimce shi ba, zai yi ta gudun ƙwayar sukari yana faɗawa cikin malmala. Duk abincin da ke da sitaci, kamar shinkafa, masara, dawa, gero, alkama, doya, rogo, dankali, burodi da taliya, idan ya shiga ciki narkewa yake yi ya koma suga, ya bi jini. Ba sai abu ya yi zaƙi a baki ba. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi wadda ke samar da sinadarin insulin, shi ne mai buɗe wa sugan ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Mai ciwon suga, ko dai sinadarin ya yi masa ƙaranci, ko kuma jikinsa ya daina jin maganarsa. Sai sugan ya taru a jini, yana cin jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa a hankali, kamar yadda gara ke cin azara, daga waje ɗaki lafiya lau. Idan aka auna jinin mutum da safe kafin ya karya aka sami 126 ko sama da haka, aka sake awo wata rana aka sami hakan, to likita zai tabbatar masa da ciwon. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke aiki, a nasu lissafin 7.0 ke nan.

Rage sitaci domin sauƙaƙa wa jini ba sabon ilimi ba ne. Tun a shekarar 1797 wani likitan sojan Birtaniya mai suna John Rollo ya wallafa yadda ya yi jinyar wani hafsa ta hanyar hana shi hatsi da kayan zaƙi. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, abinci ne kusan kaɗai makamin da likitoci ke da shi. Bayan magunguna sun yawaita sai aka ɗan yi sakaci da wannan ɓangare, amma a 2019 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta fitar da matsayar masananta, cewa cikin dukkan dabarun abinci, rage yawan sitaci da suga shi ne ya fi samun hujjoji wajen daidaita sugan jini. Abin da masana ke kira abinci mai ƙarancin sitaci shi ne kada abin da mutum zai ci daga safe zuwa dare ya kai giram 130. Akwai masu tsanantawa su sauko ƙasa da giram 50, amma wannan ba mu ba kowa shawarar ya shige shi ba tare da likita na biye da shi ba.

To, mene ne giram 130 a kwanonmu? Garin masara ko na dawa ko na gero, kowane giram 100, wato kusan cikin gwangwanin madara guda, yana ɗauke da sitaci kimanin giram 70. Ke nan magidancin da ya tashi da malmala biyu manya a cin dare, ya riga ya cinye rabonsa na yini guda a zama ɗaya, ba a lissafa kokon safe da shinkafar rana ba. Dafaffiyar farar shinkafa kuwa kowane giram 100 na da kimanin giram 28, kuma faranti irin wanda ake cika mana a wajen biki yakan ninka haka sau uku ko huɗu. Kakanninmu sun ci tuwo, gaskiya ne, amma sun ci shi ne bayan sun yini a gona, matansu sun yini a gindin turmi da dutsen niƙa. Mu mun gaji malmalar, muka bar fartanyar, muka hau babur.

A nan ne za mu taɓo wani kuskure da mu kanmu muka daɗe a cikinsa. Da zarar an ce wa mutum yana da suga, sai dangi su yi ta aiko masa da alkama da acca, a ce wannan ne abincin masu ciwon, ya ci iya cinsa. Jama'a, ba a sake wa tuwo suna. Alkama da acca hatsi ne, sitacin da ke cikinsu bai gaza na masara da wani abin kirki ba. Falalar hatsin da ba a surfe ba ita ce dusarsa tana rage saurin hawan suga, amma wanda ya ci malmala biyu ta tuwon alkama, na'ura ba za ta yi masa kara ba. Haka zancen zuma: kimanin kashi 80 cikin 100 nata suga ne, don haka wanda ya ajiye sukari ya ɗauki zuma yana kwararawa a shayi, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Mazarƙwaila ma haka.

Da muka gane wannan, abu na farko da muka koya a gidajenmu shi ne juya matsayin tuwo da miya. A al'adarmu tuwo ne maigida, miya 'yar rakiya ce, ana ɗan shafa ta don loma ta wuce. Mai ciwon suga kuwa miya ce abincinsa, tuwo ne ɗan rakiya. Ma'aikatan lafiya kan kwatanta da faranti: rabinsa ganye, kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki kamar kifi, nama, ƙwai ko wake, sauran kashi ɗayan ne na sitaci. A aikace, uwargida ta nemi ƙaramar mara ta kwashe masa malmala wadda ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba, sannan ta cika kwano da miya mai kauri, wadda za a iya sha da cokali: kuɓewa ɗanya, alayyafo, yakuwa, zogale, lalo, karkashi, ko taushe da aka yawaita wa ganye da gyaɗa. Ya fara da miyar da abin da ke cikinta, tuwon ya biyo baya. Makon farko akwai ƙorafi, ba za mu ɓoye muku ba. Wani dattijo daga cikinmu da aka kai masa irin wannan malmala, cewa ya yi a tambayi mai girki ko laifi ya yi mata. Amma ciki yana da saurin sabo, kuma ganye da gyaɗa suna riƙe shi fiye da yadda ake zato.

Abin farin ciki shi ne, ba sai mun je kanti neman abincin Turawa ba, iyayenmu mata sun riga sun san yawancin girkin, gwargwado ne kawai za a sauya. Ɗauki dambu. Yadda aka saba, tsaki ne mai yawa, a barbaɗa zogale. A juya: zogale da kabeji su rinjaya, tsaki ya zama ɗan abin haɗi, a sa albasa da attaruhu da dakakkiyar gyaɗa, a turara. Kwaɗon zogale da na rama, wanda wasu ke rainawa suna cewa abincin talaka ne, yana cikin mafi dacewa da mai wannan ciwo, sai dai a lura da ƙuli-ƙulin, domin na kasuwa wani akan sa masa sukari. Garau-garau, a bar wake ya fi shinkafa yawa nesa ba kusa ba, a yanka latas da tumatir da kokwamba a kai. Faten wake da alayyafo da ɗan busasshen kifi ya fi faten tsaki ko na doya. Wake ma yana da sitaci, kimanin giram 20 a giram 100 na dafaffe, amma yana narkewa sannu a hankali, ga shi da gina jiki. Ɗanwake kuwa sunansa na yaudara, domin a gidaje da yawa garin rogo ko fulawa ne ya fi yawa a cikinsa. Wanda zai ci, a kwaɓa masa wanda garin wake ya rinjaya, ya ci kaɗan da dafaffen ƙwai da kabeji.

Karin kumallo shi ne inda muka fi shan wahala. Koko da kunu an tace su, an raba su da dusa, ga su ruwa-ruwa, ga sukari, don haka kafin hantsi sun riga sun isa jini. Burodi da shayi mai kauri irin na teburin mai shayi, su ma haka. Abin da ya karɓe mu shi ne alale, ko ƙosai 'yan ƙwaya kaɗan da aka tsane wa mai, ko ƙwai da aka soya da albasa da tumatir da alayyafo, ko awara da yankakken kabeji da yaji, a kora da shayi marar sukari wanda ya ji citta da kanumfari. Awara ta cancanci a yaba mata: waken suya muke nomawa, 'ya'yanmu mata sun iya yin ta, ga araha, kuma sitacin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Mai son fura kuma, ya sha nono ko kindirmo marar sukari, a dama masa ɓarin fura kaɗan don ƙamshi.

Akwai kuma abin da ake yayi, wai tuwon kabeji: a markaɗa kabeji, a matse ruwan a tsumma mai tsabta, a ɗora a wuta, a ɗaure shi da cokali ɗaya ko biyu na gari. Mun gwada. Karon farko ba mu matse da kyau ba, ya fito kamar talge, yara suka yi ta dariya. Daga baya ya yi daidai, kuma da miyar agushi ko ta kuɓewa yana ciyuwa. Ra'ayinmu dai shi ne, wanda ya ji zai iya, madalla, amma kada a tilasta wa tsoho abin da ransa ya ƙi, gara a ba shi ƙaramar malmalar dawa wadda zai dawwama a kanta, da a ba shi kabejin da zai ture ya aika a sayo masa waina a ɓoye.

Abin sha ba ya buƙatar dogon bayani. Lemon kwalba da yawa na ɗauke da sukari kimanin giram 10 a kowane mililita 100, wato kwalba guda ta kusa cokalin shayi 9. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa ba su fi shi sauƙi ba. Zoɓon gida da citta, ba sukari, ya wadatar. 'Ya'yan itatuwa a ci su ɗanyu, kaɗan-kaɗan, kada a matse su. Gwaiba ɗaya ko yankan gwanda ya fi a zauna a gindin mangwaro da bokiti.

Kada kuma garin gyaran gira a rasa ido. Wasu da sun rage tuwo sai su rama a kan kitse da soye-soye da gishiri, alhali ciwon suga da hawan jini tafiyarsu ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. A koma wa daddawa da albasa da tafarnuwa da kayan ƙamshi. Mai ma a riƙa aunawa da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba. Mai ƙiba ya sani cewa rage nauyi na da babban tasiri: a wani bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2017, kusan rabin waɗanda aka sa a tsarin rage ƙiba, sugansu ya dawo daidai bayan shekara guda ba tare da magani ba. Waɗannan mutane ne da ciwon bai wuce shekara 6 a jikinsu ba, kuma ma'aikatan lafiya na lura da su. Lafawa ce ciwon ya yi, in ƙiba ta dawo yana iya dawowa.

Yanzu ga gargaɗin da muke roƙon kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Wanda ke allurar insulin, ko yake shan ƙwayoyi irin su Daonil, idan ya rage sitaci kwatsam bai rage magani ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa, kuma wannan yana kisa cikin sa'o'i. Alamominsa su ne rawar jiki, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri da ruɗewa, a na'ura kuma ƙasa da 70. Idan haka ta faru, sukarin da muke ta gudu shi ne magani: a jiƙa babban cokali ɗaya a ruwa ya sha, a sake awo bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti. Don haka kafin a taɓa tukunya, a je a gaya wa likita, shi zai daidaita magani. Masu shan sababbin ƙwayoyin nan da ke fitar da suga ta fitsari, da masu ciwon ƙoda, da mata masu juna biyu, kowannensu yana da nasa tsari, kada ya ari na maƙwabci. Yaro mai nau'i na ɗaya kuwa, babu abincin da zai raba shi da insulin. Haka nan mai niyyar azumi ya ga likita tun watan Sha'aban, kuma ya tuna dabino ɗaya ko biyu sun isa buɗa baki, domin kunu da ƙosai da dankali da lemo a zama ɗaya kan rushe abin da aka yini ana ginawa. Masu tallar magani da lasifika a kasuwa, masu cewa ɗaci na kashe suga, muna roƙon a yi hattara da su. Shuwaka miya ce mai kyau, amma ba ta maye gurbin abin da likita ya rubuta.

Alƙalin duk wannan magana shi ne na'urar awo. Jikin kowa daban ne, abin da ya ɗaga sugan wani ba lalle ya ɗaga na wani haka ba. A auna kafin cin abinci, a sake aunawa bayan sa'a biyu, a rubuta a littafi tare da abin da aka ci. Ga yawancin manya ana son kafin ci ya tsaya tsakanin 80 da 130, bayan ci kuma ƙasa da 180. Mako biyu na irin wannan rubutu zai koya wa uwargida abin da jawabi goma ba zai koya mata ba.

Sai dai mun lura cewa abin da ya fi kayar da mutane ba rashin sani ba ne, zaman gida ne. Idan aka ware wa mutum ɗaya tukunyarsa, aiki ya ninku wa mai girki, itace da cefane sun ƙaru, shi kuma yana zaune yana jin ƙamshin abin da aka hana shi. Ba a wata biyu sai a koma gidan jiya. Inda abin ya ɗore, miya ɗaya ake yi wa kowa, mai yawan ganye, bambancin kawai girman malmala. Hakan ma riga-kafi ne ga 'ya'ya, tunda ciwon na bin jini. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, a zaunar da kowa a yi bayani, kada ranar girkin wannan suga ya sauka, ranar waccan ya hau, abin ya zama abin gori. Magidanta kuma, ba a cewa a yawaita ganye da kifi alhali kuɗin cefane na nan yadda yake. In nama ya yi tsada, ga wake, ga gyaɗa, ga ƙwai, ga waken suya. A dasa zogale a bayan ɗaki, a shanya kuɓewa da yakuwa da rama a inuwa tun da kaka saboda bazara. Masu ciyayya a ƙofar gida, wanda ke da ciwon ya zo da ƙaramin kwanonsa ya ɗebi rabonsa, domin hannu a akushin taro ba ya sanin iyaka, kuma abokan zama su daina cewa "haba Alhaji, ɗan wannan ba zai yi komai ba."

Muna kuma jan hankali game da iyayenmu mata. Mace za ta tsaya ta auna wa mijinta komai daidai, ita kuma da take da ciwon ta zauna a ƙarshe ta ci ƙanzo da ragowar yara, da safe ta yi ɗumame. Kowane magidanci da ke wurin nan ya tambayi kansa yaushe rabon da a auna jinin matarsa da na mahaifiyarsa.

Mai girma shugaba, buƙatunmu ga uwar ƙungiya guda uku ne. A saya wa kwamiti na'urorin awo da tsinkayensu, a ajiye a hannun ma'aikatan lafiya 'yan garin nan da suka yi alkawarin ba da lokacinsu. A ba reshen mata ɗan tallafi su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata ana girka waɗannan abubuwa a gaban kowa, a ɗanɗana, a gyara, kuma muna so zaman farko na gaba ya dace da 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya. Na uku, muna kallon teburan da ke gabanku, mun ga kwalaben lemo jere, ga shinkafa na tafe. Muna roƙon kwamitin shirye-shirye, a taron baɗi in Allah ya kai mu, a ajiye tulun zoɓo marar sukari da babban kwano na kwaɗon zogale a gefe, domin akwai dattawa a cikin wannan rumfa da kunya ce kawai za ta sa su buɗe kwalbar nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.